Idanun da Kowa Ya Yaba

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku, manya da yara.

Sunana Rifkatu, matar Ishaya mai lambu a Jiratawa. A nan unguwar Zariya ta Maraɗi muke zaune. Waɗanda suka daɗe a ikilisiyar nan sun fi sanina da Anya. Na rubuta shaidar nan a takarda ne don ina tsoron in tsaya gabanku in faɗi abin da ba haka ya faru ba. Sau uku na sake rubuta ta. Karatuna a aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya, sai ku yi haƙuri da ni.

Tun ina yarinya ni mai tsoro ce. In na kulle ƙofa, sai na koma na taɓa kwaɗon sau uku. In na kashe gawayi da ruwa, nakan dawo daga bakin titi in duba ko ya mutu. Zunubi guda nakan roƙi gafararsa har sau goma, don ban tabbata na roƙa daidai ba. Kowace magana aka yi, tawa ita ce "anya kuwa?" Maigidana ne ya laƙaba mini sunan. Ɗan gwaggona ne, taubashina, tun muna yara a Tibiri yake tsokanata, aure kuma bai sa ya daina ba. Mu muka so juna.

Da na haifi ƴar fari, Ladi, abin ya ƙaru. Ta yi atishawa, likita. Ta yi barci da yawa, likita. Ta ƙi barci, likita. Karnenta, wato katinta na awo, ya cika tun ba ta shekara biyu ba. Masu awon yara har sun san ƙarar takalmina. Ladi kuwa lafiyarta lau, ga ta can zaune.

Ina da ciki na biyu, wata bakwai, sai wata Laraba a zumuntar mata shugabarmu Mama Tabita ta yi koyarwa a kan damuwa, da yadda take nuna ba mu amince da Ubanmu na sama ba. Yanzu na san ba da ni take ba. Amma ranar ji na yi kamar ni kaɗai ce a ɗakin. Na miƙe ina kuka na ce, "Na yi wa Ubangiji alkawari a gabanku. Abin da ke cikin nan nawa ba zan kai shi likita don tsoro ba. In ba zazzaɓi, ba gudawa, ba kuma ranar allura ba, ƙafata ba za ta taka can ba. Anya kuma na bar ta daga yau."

Mata suka yi tafi, aka rangaɗa guɗa, wata ta ɗauko waƙa. Na koma gida kamar an sauke mini dutse daga ka.

Wayyo ni!

Da farkon damina na haifi Murna. Gwaggo, uwar maigidana, ta zo daga Tibiri yi mini wankan jego. Ita har yau tana kan al'adar iyayenta, ba ta shiga majami'a, amma ba ta taɓa hana mu ba. Da ta karɓi jaririyar ta buɗe zane, sai ta ce, "Kai! Wagga ɗiya da idanu take. Idon gidanmu ne. Idon Tanko ne sak."

Na ce, "Gwaggo, wane Tanko?" Ban taɓa jin sunan ba, ga shi kuwa ita da babana uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta ce, "Sha kununki kar shi huce." Ta ciro tandunta ta shiga zizara wa yarinya kwalli.

Ranar suna ba wanda ya yi maganar hanci ko gashi, sai idanu. Dara-dara ne, baƙin ya cika su, farin ɗan kaɗan a gefe. Mata suna karɓarta hannu zuwa hannu. Wani abokin maigida ya ce, "Ishaya, tun yanzu ka ƙara wa katangarka tsawo, samarin Zariya ba za su bar ka ka huta ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na yi alfahari da idanun nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ba ta cika wata biyu ba na fara lura da hawaye. Ba kuka take ba, ruwa ne kawai yake gangarowa. In na fito da ita tsakar gida da hantsi, sai ta runtse ido ta cusa fuska cikin ƙirjina. In na goya ta ba ta leƙe-leƙe irin na Ladi, sai ta manna fuska a bayana har rigata ta jiƙe. Wata safiya na ga baƙin idonta na dama ya yi hazo, kamar madubin da aka hura wa numfashi.

Na ce, "Baban Ladi, dubi idon yarinyar nan."

Ya duba, ya yi dariya. "Kunya gare ta, gadon uwarta ne. Ke ma ai haka kike sunne kai in na zo zance." Sai ya ɗaga mini yatsa. "Madam Anya, ina alkawari?"

Da wasa ya faɗa. Ina roƙonku kada kowa ya riƙe shi da wannan magana. Ya riga ya riƙe kansa da ita fiye da yadda za ku iya.

Maƙwabciyata ta ce kwalli ne ya yi yawa, na daina sa mata. Wata ta ce in ɗiga mata nono, na ɗiga. Hawaye bai tsaya ba.

Sau biyu na yi shirin zuwa likita. Na farko a bakin ƙofa na juyo. Na biyu har na tsayar da kabu-kabu, na ɗaga ƙafa zan hau, sai na tuna tafin matan nan. Na ce wa mai babur ya yi haƙuri. Na koma ɗaki na durƙusa, na roƙi gafara don na kusa karya alkawari.

Ku ji fa, ƴan'uwa! Ƴata tana makancewa a bayana, ni kuma ina roƙon gafara don na so in kai ta likita!

Ranar allurarta ta uku na lulluɓe ta da mayafi saboda rana, tana barci. Layi ya yi tsawo. Ma'aikaciyar da ta san ni tun zamanin Ladi ta auna ta, ta yi mata allura a cinya. Yarinya ta tsala kuka ido a runtse, kamar kowane yaro. Matar ta rubuta a karne, ta dube ni tana murmushi.

"Madam Anya, yau ba tambaya?"

Tambayar tana bakina. Ina jin ta kamar tsakuwa a ƙarƙashin harshe.

Na ce, "Babu."

Ta ce, "Ikon Allah! Lallai kin warke."

Na fito ina jin kamar na ci jarrabawa. Matar nan ba ta da laifi ko kaɗan. Ta tambaye ni.

Murna tana wata takwas muka tafi Jiratawa taya maigida tsinkar tumatir. Na shimfiɗa zane can cikin inuwar mangwaro na zaunar da ita. Wata dattijuwa Musulma mai lambu kusa da namu, Inna Hajo, ta zo shan ruwa a tulunmu. Ta ɗauki jan tumatir ɗaya tana kaɗa wa yarinyar a gaban fuska, tana cewa, "Karɓi, amarya, karɓi." Murna ta miƙa hannu wajen da muryar take fitowa, tumatirin yana gefe guda. Inna Hajo ta ƙara matsowa. Ta sake kaɗawa, wannan karon ba magana. Ta kai shi dama, ta kai shi hagu. Murna ba ta motsa ba.

Ta ce, "Ɗiyata, tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me, Inna?"

"Yarinyar ga ba ta ganina. Ki kai ta wajen masu duba ido."

Na ce, "Inna, na yi wa Allah alkawari ba zan..."

Ta katse ni. "Ni ban san addininku ba. Amma tashi."

Washegari da sassafe muna gaban likitan ido a nan Maraɗi. Ya haska, ya auna. Sannan ya zaunar da mu. Ya ce akwai ruwa a cikin idon kowa, yana shiga yana fita. Ita Murna da hanyar fitar a toshe aka haife ta. Ruwan ya yi ta taruwa yana tura idon, idon jariri kuwa taushi gare shi, sai ya yi ta girma.

Ya ce, "Girman nan da kuke gani, shi ne ciwon."

Maigidana ya dafe kai. Mutumin da aikinsa kullum shi ne buɗe wa ruwa hanya a lambu, ya fi ni saurin ganewa.

Likita ya ce, "Ku dangi ne?"

Na ce, "Ɗan gwaggona ne."

Ya ce a jini abin yake. Kowannenmu yana ɗauke da shi a ɓoye bai taɓa mu ba, da ya haɗu a jikinta ne ya fito. Ciwo ne da ba a cika gani ba. Ya ce ba kwalli ya kawo shi ba, ba kuma wani abin da na ci ba.

Na ce, "Likita, da na kawo ta tana wata biyu fa?"

Ya juya biron da ke hannunsa, ya ajiye. Ya ce, "Madam, ba zan yi miki ƙarya ba. Da abin da za mu ceta ya fi haka."

Aka tura mu Yamai. An yi mata aiki sau biyu. Idon dama ya riga ya tafi. Na hagu yana bambanta haske da duhu, yana ganin inuwar mutum in ya matso kusa. Iyakarsa ke nan. Har yau safe da yamma ina ɗiga mata magani don kada wannan ɗin ma ya tafi.

Wata tara ban tako majami'ar nan ba. Wasunku sun zo, na ƙi fitowa. Ku gafarce ni.

Na kasa addu'a. Ni da nake roƙon gafara sau goma, in na durƙusa sai in rasa ta wane laifi zan roƙa. Zan faɗi wanda ya fi muni, don na ce ba zan ɓoye ba: na ji haushin Allah. Na ce a zuciyata, na ba ka abin da ya fi mini wuyar bayarwa, ka karɓa, ka bar idon ƴata ya tafi. Na kasa duban fuskar Murna. Ina ba ta nono ina kallon bango. In baƙon da bai sani ba ya ce, "Kai, yarinyar nan da idanu take," sai in tashi in shige ɗaki.

Maigida ya daina wasa. Bai ƙara kirana Anya ba. Ya fita da safe, ya dawo da yamma, ya ɗauki Murna ya zauna da ita shiru.

Wata rana Gwaggo ta zo daga Tibiri ba sanarwa. Ta zauna a tabarma, ta ƙi shan ruwan da na kawo. Ta ce, "Kin tambaye ni wane Tanko. Ƙanenmu ne, ni da ubanki. Da idanun ga aka haihe shi, kowa na yabo. Yana shekara biyu ba shi gani. Aka ce iskoki suka so idon suka ɗauka. An yi yanka, an yi duk abin da aka sani. Yana shekara biyar ya faɗa rijiya. Tun ranar uwarmu ta hana a ambaci sunanshi."

Ta share fuska da bakin zane.

"Ranar da na buɗe ɗiyar ga na gane idon. Sunan kuɓuce mini ya yi. Na ce in na yi shiru ƙila abin shi wuce mu."

Mu biyu ke nan muka yi shiru a kan yarinya guda. Ta ciro tandun kwallinta ta ajiye gabana. Na ce, "Gwaggo, likita ya ce ba kwalli ba ne." Ta ce, "Na ji. Amma hannuna ba shi ƙara ɗaukarshi."

Ana cikin haka na gane ina da wani cikin. Likita ya riga ya gaya mana abin yana iya dawowa. Ƴan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku tsoron nan ba. Abinci ya daina shiga. In ɗan ya motsa, sai gabana ya faɗi.

Wata la'asar ina wanki a tsakar gida, sai ga Mama Tabita. Ta sha zuwa ina ƙin fitowa, wannan karon ba ta yi sallama ta jira ba. Kun san ciwon gwiwarta. Tsohuwar nan ta durƙusa a ƙasa, cikin ruwan wanki.

Ta ce, "Rifkatu, gafara na zo nema. Ni na fara tafi ranar nan."

Na ce, "Mama, tashi, don Allah tashi."

"Ba zan tashi ba sai kin ji. Alkawarin nan mu muka karɓa. Ban ji Ubangiji ya neme shi wurinki ba. Ya ba ki ido mai lura, mu muka yi ta yi miki dariya har kika rufe shi. Zo mu yi addu'a."

Na ce, "Mama, ba na iya addu'a."

Ta ce, "To, faɗa masa abin da kike faɗa wa bango."

Na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabta suka ji. Na ce, Yesu, ina kake ranar da na sauke ƙafa daga babur? Ina kake ranar da na ce babu? Yarinyar nan me ta yi maka? Na yi kuka har muryata ta dishe. Mama Tabita ba ta ce in yi shiru ba, riƙe ni kawai ta yi.

Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Ba zan ƙara abin da bai faru ba. Sai dai a tsakiyar kukan wata tambaya ta sauka a zuciyata a hankali. Wa ya sa kika tsayar da babur ɗin tun farko? Wa ya sa tambaya a bakinki ranar allura? Wa ya kawo Inna Hajo shan ruwa a tulunki?

Yana nan! Duk watannin nan yana nan yana taɓa ni, ni kuma ina roƙon gafara don na ji taɓawar. Da na ƙi ji, ya aiko da wata. Kuma duk da maganganun da na gama faɗa masa, bai tafi ba.

Na ce, "Ubangiji, ka gafarta mini." Sau ɗaya na faɗa. Sau ɗaya tak! Na jira zuciyata ta ce in maimaita, kamar kullum. Ba ta ce ba. Tunda aka haife ni ban taɓa tashi daga addu'a haka ba.

Murna tana zaune a bakin ƙofa tana wasa da murfin kwano. Na je na tallabi fuskarta da hannu biyu na dubi idanunta. Na daɗe ina dubawa. Ta lalubo hancina ta kama, ta yi dariya.

Larabar da ta biyo na koma zumunta. Mama Tabita ta tsaya gaban mata ta ce, "Alkawarin da Rifkatu ta yi a ɗakin nan, mun kwance shi cikin sunan Yesu." Aka ce amin. Ba wadda ta yi tafi.

Na haifi namiji, muka sa masa Bege. Kun san mai jego ba ta fita, balle kafin suna. Kwana huɗu da haihuwa Gwaggo da kanta ta naɗe jaririn, ta yafa mayafi, ta ce, "Tashi mu tahi." Likita ya duba bai ga komai ba, ya ce mu riƙa dawowa. Muka yi ta dawowa. Ba wanda ya yi mini dariya.

Yana sati biyar, wata safiya na fito da shi tsakar gida. Ya runtse ido, ya juya fuska cikin ƙirjina, hawaye ya gangaro ba kuka. Tuwo na kan wuta. Na bar shi. Ko ƙofa ban kulle ba.

Ciwon ne. An yi masa aiki a Yamai tun idon bai fara girma ba. Ranar da aka cire masa bandeji maigida ya kaɗa makullin babur a gabansa, ba magana, yadda Inna Hajo ta yi. Idon yaron ya bi makulli dama, ya bi hagu. Maigida ya juyo ya ce, "Anya, kin gani?" Sai ya fashe da kuka gaban mutane.

Halleluya! Bege yana gani da ido biyu. Ya kusa shekara biyu yanzu, yana korar kaji, yana tsintar ƙwayar shinkafa a tabarma.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Duk ƙwayar da ya tsinta ina godiya, ina kuma kuka, don ina ganin abin da Murna za ta samu da na hau babur ɗin nan. Ubangiji ya gafarta mini, na tabbata. Idon ƴata bai dawo ba. Duka biyun gaskiya ne, da su nake kwana, da su nake tashi.

Murna ta shekara huɗu. Ta san gidanmu da tafin ƙafarta. Babanta ya yi wa rijiyarmu murfin ƙarfe da kwaɗo. Sau uku nake taɓa kwaɗon nan kowace safiya, wani lokaci in na juyo sai in tarar shi ma ya zo taɓawa.

Satin da ya wuce ina ɗiga mata magani, ta ce, "Mama, Bege yana ganina?"

Na ce, "Yana ganinki."

"Har idona?"

"Har idonki."

"Mutane suna cewa masu kyau ne."

Na ce, "Masu kyau ne, Murna."

Sai ta ce, "To ki gaya masa ya riƙa gani mini."

Ƴan'uwa, shaidata ke nan. Ina gode wa Yesu da ya kwance ni daga alkawarin da bai nema ba. Ina gode masa don idon Bege, da ɗan hasken da ya rage wa Murna, da Inna Hajo, da Gwaggo, da gwiwoyin Mama Tabita. Tsoro bai bar ni duka ba, ku ci gaba da yi mini addu'a.

Ina roƙonku, iyaye mata, musamman mu da muka auri dangi: in idon jariri ya cika girma, yana hawaye ba kuka, yana gudun rana, ko baƙin ya yi hazo, ku yaba in kuna so, amma ku kai shi a duba a ranar. Ku tambayi tsofaffinku sunayen da ba a faɗa. In kuma wata ta ce muku anya, kada ku yi mata dariya. Ku dogara ga Ubangiji da dukan zuciyarku, ku goya ɗanku, ku hau babur. Yana tare da ku a hanya.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.